Faifan Rada: Yadda Ake Tsarawa da Ƙera Idon da ke Sintiri a Sararin Sama

Gabatarwa

A manyan filayen jiragen sama akan ga wata hasumiya can gefe guda, a samanta da wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar sakaina, yana juyawa dare da rana ba ya hutawa. A wasu wuraren ba a ganin ƙarfen, sai wata ƙatuwar farar ƙwallo da aka rufe shi da ita. Wannan ƙarfe shi ne eriyar na'urar rada, kuma da shi ne jami'an kula da zirga-zirgar jirage suke sanin inda kowane jirgi yake, ko cikin duhun dare ne ko cikin hazon hunturu.

Muhimmancin wannan aiki ba ƙarami ba ne. A ranar 30 ga Yuni, 1956, jiragen fasinja biyu suka yi karo a sama bisa kwazazzabon Grand Canyon da ke Amurka, mutum 128 da ke cikinsu duka suka rasu. Jiragen suna tafiya ne a yankin da babu wata rada da ke kula da su, an bar matuƙa da idanunsu kawai. Wannan hatsari yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin Amurka ta kafa hukumar tarayya mai kula da sufurin jiragen sama a 1958, ta kuma zuba kuɗi wajen kakkafa rada a faɗin ƙasar.

A wannan maƙala za mu duba wannan ƙarfe mai lanƙwasa, wanda za mu riƙa kira faifai. Za mu ga dalilin da ya sa faɗinsa ya fi tsayinsa, da dalilin da ya sa ake barinsa da ƙofofi kamar rariya, da ƙa'idojin da injiniyoyi ke bi wajen ƙera shi. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, siffar faifan ce take yanke iyakar abin da rada za ta iya gani. Jirgin da faifai bai haska ba, duk ƙwarewar kwamfutar da ke bayansa ba za ta fito da shi a allo ba.

Yadda Rada Take Gani

Kalmar rada, wadda bai kamata a rikita ta da raɗa ba, taƙaitawa ce ta wasu kalmomin Ingilishi da sojojin ruwan Amurka suka haɗa a 1940. Ma'anarsu ita ce ganowa da auna nisa ta hanyar igiyoyin rediyo.

Idan yaro ya tsaya gaban dutse ya ƙwala kira, bayan ɗan lokaci sai muryarsa ta dawo masa. Wannan ita ce amsa-kuwwa, kuma a kanta aka gina rada. Na'urar takan saki ɗan gajeren bugu na igiyoyin rediyo masu ƙarfi, sa'an nan ta yi shiru tana saurare. Igiyoyin suna gudu da saurin haske, wato kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Idan suka ci karo da jirgi, sai wani ɗan kaso nasu ya dawo. Jirgin da ke nisan kilomita 150, zuwa da dawowa kilomita 300 ke nan, don haka amsarsa za ta iso bayan kashi ɗaya cikin dubu na sakan.

Ashe ke nan agogo ne yake ba mu nisa. Amma agogo ba zai gaya mana ko jirgin yana gabas ko yamma ba. Wannan aikin eriya ne ita kaɗai. Ita ce take tattara igiyoyin ta tura su wuri guda, kuma duk inda ta fuskanta lokacin da amsa ta dawo, can jirgin yake. Wannan tarin igiyoyi za mu kira shi hasken rada, ko da yake ido ba ya ganinsa.

Rada iri-iri ce, amma biyu ne suka shafe mu. Akwai radar bin sawu, wadda take kafa ido a kan abu ɗaya da aka riga aka gano, tana binsa duk inda ya nufa. Akwai kuma radar sintiri, wadda ba ta san inda jirgi zai ɓullo ba, saboda haka dole ta kewaye sararin sama gaba ɗaya, ta sake kewayewa bayan 'yan sakan kaɗan. Ta biyun ce batunmu.

Sirrin Farabola

Mai karatu ya kwance kan tocila ya duba. Zai ga ɗan ƙwai a tsakiya, a bayansa kuma da wani ƙoƙo mai ƙyalli. Idan aka cire ƙoƙon, sai hasken ya watsu ko'ina ya rasa ƙarfi. Lanƙwasar wannan ƙoƙo ta bambanta da ta da'ira. Masana lissafi suna kiranta farabola, wato irin lanƙwasar da tsakuwa take bi idan aka jefa ta sama ta faɗi can gaba.

Farabola tana da wani ɗigo a gabanta wanda za mu kira matattara, tana kuma da halaye biyu. Na farko, duk hasken da ya fito daga matattara ya bugi jikinta, zai koma gaba a miƙe, kafaɗa da kafaɗa da sauran 'yan'uwansa. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga rada, shi ne tsawon tafiyar duk ɗaya ne. Ko igiya ta bugi tsakiyar faifai ko ta bugi gefensa, idan aka auna daga matattara zuwa jikin faifan, daga nan zuwa bakinsa, nisan ba ya bambanta. Saboda haka igiyoyin suke fita da taku ɗaya kamar sojoji a fareti, ƙarfinsu yana haɗuwa. Da a ce wasu za su makara, da tudun wata igiya ya faɗa cikin kwarin wata, sun kashe juna.

Wannan sani tsoho ne. Masanin Girka Diocles ya tabbatar da shi wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da yake nazarin madubin da ke tara hasken rana ya kunna wuta. Ibn Sahl a Bagadaza ya yi rubutu a kan irin waɗannan madubai wajen shekara ta 984, haka shi ma Ibn al-Haytham bayansa. Wanda ya fara gwada shi da igiyoyin rediyo kuwa shi ne Heinrich Hertz a birnin Karlsruhe na Jamus a 1888. Ya lanƙwasa fallen tutiya a jikin katako, tsayinsa mita 2, faɗin bakinsa mita 1.2, ya nuna cewa igiyoyin rediyo suna bin dokokin da haske yake bi.

Girman Faifai da Tsawon Zango

Masu sauraren rediyo a gajeren zango sun saba jin ana cewa tasha kaza tana kan mita 19 ko mita 25. Wannan adadi shi ne tsawon zango, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiya ɗaya da na mai bi mata. Daga shi ne lissafin faifai yake farawa, domin babu faifan da zai iya matse igiyoyi su zama siririn layi tsantsa. Dole hasken ya riƙa buɗewa yayin da yake nisa, kuma injiniyoyi suna kimanta buɗewar da wannan ƙa'ida: a ninka tsawon zango sau 70, a raba da faɗin faifai, abin da ya fito shi ne faɗin haske a ma'aunin digiri.

Mu ɗauki radar filin jirgi da ake kira ASR-9, wadda aka fara kakkafawa a Amurka a 1989. Tana aiki tsakanin megahaz 2,700 da 2,900, wato zango kimanin santimita 10.7, faɗin faifanta kuma kimanin mita 5 ne. Idan muka ninka 10.7 sau 70 muka raba da santimita 500, za mu sami digiri 1.5. Ainihin faɗin haskenta digiri 1.4 ne, don haka ƙa'idar ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Digiri 1.4 ƙaramar kusurwa ce, amma a nisan kilomita 100 ta buɗe ta kai kusan kilomita biyu da rabi. Jirage biyu da ke nisa ɗaya daga rada, idan tazararsu ba ta kai haka ba, za su narke su zama ɗigo ɗaya a allo. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka saba raba jirage da mil 3 na teku, wato kilomita 5.6, idan suna kusa da rada, amma mil 5 idan sun yi nisa.

Wannan ƙa'ida ta bayyana mana wani ɓangare na tarihi. Jerin tashoshin rada da Ingila ta kafa a gaɓar tekunta gabanin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan gwajin Robert Watson-Watt na 1935, suna aiki ne da zango na wajen mita 12. Da za a nemi haske na digiri 1.4 da irin wannan zango, da sai an ƙera faifai mai faɗin mita 600. Shi ya sa suka yi amfani da wayoyi rataye a dogayen hasumiyoyi waɗanda ba sa juyawa. Al'amarin ya sauya a watan Fabrairu na 1940, lokacin da John Randall da Harry Boot na Jami'ar Birmingham suka ƙera wata na'ura mai suna magnetron, wadda take samar da igiyoyi masu ƙarfi da zangon santimita 10 kacal. Daga nan faifai na 'yan mitoci ya wadatar, har ana iya ɗora shi a kan mota ko jirgin ruwa a juya shi.

Haske Mai Siffar Mafici

Faifai zagayayye yana ba da haske siriri ta kowace fuska, kamar tsinke. Wannan ya dace da radar bin sawu, irin faifan Jamusawa mai faɗin kimanin mita 7.5 da aka yi amfani da shi a lokacin yaƙin. Ga radar sintiri kuwa matsala ce. Mu ce muna son kallon sama daga doron ƙasa zuwa digiri 30 da haske mai faɗin digiri 1.4 ta kowace fuska. Sai faifan ya kewaya sau 21, yana ɗan ɗaga kai a kowane zagaye. Idan kowane zagaye yana cin sakan 4.8, sai an yi sakan 100 kafin a gama duba sama sau ɗaya. A wannan lokaci jirgin da ke gudun kilomita 800 a awa ya ci fiye da kilomita 20, kuma jami'in da ke gaban allo bai san inda ya shiga ba.

Maganin shi ne a yi haske mai siffar mafici da aka tsayar a kan gefensa: siriri idan an dube shi daga sama, mai faɗi idan an dube shi daga gefe. Irin wannan haske yana share duk tsayin sama a zagaye ɗaya, kuma jirgin nan bai wuce kilomita ɗaya da 'yan kai ba kafin a sake ganinsa.

A nan ne ɗalibai sukan rikice, domin ƙa'idar tana aiki ne a juye. Ɓangaren da faifai ya fi girma, nan ne haske ya fi sirancewa. Tunda muna son haske siriri ta gefe da gefe, sai a faɗaɗa faifan ta nan. Tunda muna son ya buɗe daga ƙasa zuwa sama, sai a rage masa tsayi. Wannan shi ne asalin siffar sakaina: kamar an ɗauki ƙwarya mai lanƙwasar farabola an yanko doguwar tsiri daga cikinta. Faifan ASR-9 tsayinsa kimanin mita 3 ne, babban haskensa kuma yana buɗe wajen digiri 5 daga ƙasa zuwa sama.

Sai dai ba a tauna taura biyu a lokaci ɗaya. Haske mai siffar mafici ba ya iya bambanta jirgin da ke sama da wanda ke ƙasa. A da akan ajiye wata rada dabam mai gyaɗa kai sama da ƙasa don auna tsayi. A filayen jiragen fasinja na yau kuwa, wata miƙaƙƙiyar eriya da ake ɗorawa a saman faifan ita ce take aika tambaya a megahaz 1,030, na'urar da ke cikin jirgin ta amsa a megahaz 1,090 da lambarsa da tsayinsa.

Ɓata Farabola da Gangan

Digiri 5 bai isa ya kama jirgin da ya matso kusa ba. A ce jirgi yana tafe a tsayin kilomita 3 ba ya hawa ba ya sauka. Lokacin da yake nisan kilomita 60, rada tana hangensa a kusurwar digiri 3 bisa doron ƙasa. Idan nisan ya koma kilomita 6, kusurwar ta zama digiri 30, ya fice daga cikin babban haske.

To amma jirgin da ke kusa ba ya bukatar haske mai yawa. Ƙarfin igiya yana raguwa a hanyar zuwa, ya sake raguwa a hanyar dawowa, ta yadda idan nisa ya ninka sau biyu, amsa takan ragu sau 16. A misalinmu nisan ya ragu sau 10, don haka amsar za ta ƙaru sau 10,000. Tunda eriya ɗaya ce take aikawa take kuma karɓa, ya wadatar ƙarfinta a digiri 30 ya zama kashi ɗaya cikin ɗari na wanda ke digiri 3. Wato a zuba mafi yawan ƙarfi can ƙasa-ƙasa inda jirage na nesa suke, a riƙa rage shi sannu a hankali zuwa sama. Ɗaliban lissafi za su gane cewa nisan jirgin daidai yake da tsayinsa sau kosikan na kusurwar, shi ya sa ake kiran wannan tsari da sunan murabba'in kosikan. Amfaninsa shi ne jirgin da ke tsayi ɗaya yana dawo da amsa kusan iri ɗaya tun daga nesa har ya matso.

Don samun wannan, injiniya yakan bar mafi yawan faifai a kan farabola, ya sauya lanƙwasar wani ɓangare. Ko dai ya ƙara tanƙwaro leɓen ƙasa ciki, ko ya ɗan kwantar da leɓen sama baya, duk don a karkatar da wani kaso na igiyoyin zuwa sama. Duk da haka akan bar wani gurbi daidai saman hasumiyar inda rada ba ta gani, sai wata rada ta maƙwabta ta rufe shi.

Ƙahon da ke Ciyar da Faifai

A matattara akan kafa wani ƙarfe mai buɗaɗɗen baki da ake kira ƙaho, wanda yake matsayin ƙwan tocila. Igiyoyin suna iso masa ta cikin bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, domin a irin wannan zango da ƙarfi waya tana asarar wuta da yawa.

Zaɓen girman bakin ƙaho yana bukatar awo. Idan ya watsa igiyoyi da faɗi, wasu za su zube ta gefen faifai su tafi banza. Idan ya matse su a tsakiya kawai, gefen faifan ya zama ba shi da amfani, kamar an ƙera ƙaramin faifai ne. Abin da aka saba shi ne a sa ƙarfin da ke isa gefe ya zama kimanin kashi ɗaya cikin goma na wanda ke tsakiya. Wannan ragi yana da wani amfanin kuma. Kowace eriya, ban da babban haskenta, tana da wasu ƙananan harsuna da ke fita ta gefe. Idan suka yi ƙarfi, wani babban gini ko jirgi na kusa zai dawo da amsa ta cikinsu, rada ta nuna shi a inda ba ya nan. Faifan da aka haska daidai wa daida har gefe, harshensa na farko yakan kai kusan kashi ɗaya cikin 20 na babban haske. Idan aka rage hasken gefe, sai ya faɗi zuwa kashi ɗaya cikin ɗaruruwa, ko da yake babban hasken zai ɗan ƙara faɗi.

Akan sauko da ƙahon ƙasa, a yi amfani da ɓangaren sama na farabola kawai, don kada ya tare hanyar igiyoyin da ke fita. Wannan dabara ce ake gani a ƙananan faifan talabijin na tauraron ɗan'adam da ke kan rufin gidaje, waɗanda hannunsu yake fitowa daga ƙasa. ASR-9 tana da ƙaho biyu, ɗaya bisa ɗaya. Na biyun karɓa kawai yake yi, kuma haskensa ya ɗan ɗaga sama, don haka da shi ake sauraren jirage na kusa ba tare da amsar gine-gine da tuddai ta cika allo ba.

Akwai kuma batun ruwan sama. Mai riƙe da igiya yana iya kaɗa ta sama da ƙasa, ko gefe da gefe, ko ya murza ta tana kewayawa. Haka igiyoyin rediyo suke. Ɗigon ruwa kusan mulmulalle ne, saboda haka idan igiya mai kewayawa ta buge shi takan dawo tana kewaya ta ɗaya hannun, ƙaho ya ƙi karɓarta. Jirgi kuwa mai lunguna da fukafukai ne, amsarsa gauraye take dawowa, wani kaso ya shige. Da wannan ake tsamo jirgi daga cikin hadari.

Daga Takarda Zuwa Maƙera

Tambayar farko a wajen ƙira ita ce, wane irin kuskure za a iya jurewa? Injiniya John Ruze ya ba da lissafinsa a 1952. Idan matsakaicin karkacewar fuskar faifai ya kai kashi ɗaya cikin 16 na zango, kusan rabin ƙarfin eriya ya tafi. Idan kashi ɗaya cikin 32 ne, asarar kimanin kashi 14 cikin ɗari ce. A zangon santimita 10, wannan na nufin milimita 6 da milimita 3. Wato ƙarfe mai faɗin mita 5 ba a yarda ya kauce da kaurin tsinken ashana biyu ba, kuma ƙarfin da ya ɓace yakan koma cikin harsunan gefe ne ya ƙara musu girma.

Shi ya sa ake fara gina ƙashin baya na bututun ƙarfe ko alminiyam, a jera masa haƙarƙari waɗanda aka yanke kowanne daidai da lanƙwasar da lissafi ya bayar. Akan haɗa su a kan wani madaidaicin zubi, sa'an nan a shimfiɗa fuskar a bi ta ɗigo-ɗigo da na'urar awo. Manyan faifai akan yi su gunduwa-gunduwa don sauƙin ɗauka, a sa musu alamomin da za su koma mazauninsu daidai a wurin kafawa.

Fuskar kanta sau da yawa raga ce ko falle mai huji. Igiyar rediyo ba ta ganin ƙofar da ta gaza kimanin kashi ɗaya cikin goma na zangonta, don haka a zangon santimita 10, raga mai ƙofofin santimita ɗaya kamar madubi take a wurinta. Abin da ake gudu shi ne iska. Ƙarfin turin iska yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudunta ya ninka sau biyu. Faifai toshe mai murabba'in mita 15, idan iskar hadari mai gudun kilomita 108 a awa ta buge shi, turin ya kai nauyin tan ɗaya. Ga shi kuma yana juyawa, yanzu ya ba iska fuska, an jima ya ba ta gefe, injin da ke juya shi yana ta fama. Raga tana rage wannan turi, tana kuma rage nauyi.

Zafi ma abin lura ne. Sandar alminiyam mai mita 5 tana ƙara tsawo da kimanin milimita 3.5 idan zafinta ya hau da digiri 30 na ma'aunin Salshiyos. Idan duk faifan ya buɗe tare, da sauƙi. Matsalar ita ce rana ta gasa gefe ɗaya ɗayan yana inuwa, ko a haɗa ƙarfe da alminiyam, alhali buɗewar ƙarfe kusan rabin ta alminiyam ce. Inda iska ko ƙanƙara ko gishirin teku suka yi tsanani, akan rufe eriyar da farar ƙwallon nan da muka ambata, wadda ake yi da zaren gilashi da igiyoyin rediyo suke ratsawa.

Saurin Juyawa

ASR-9 tana juyawa sau goma sha biyu da rabi a minti, wato digiri 75 a sakan. Haskenta yana wucewa ta kan jirgi cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin 50 na sakan, kuma tunda tana sakin bugu wajen dubu a sakan, jirgin yana shan bugu kimanin 18 a kowane zagaye. Da waɗannan ne kwamfuta take tantance abu mai motsi daga abin da ke tsaye.

A nan ne iyakar girman faifai take bayyana. Ga radar bin sawu, idan aka ninka faɗin fuskar faifai sau huɗu, nisan gani ya ninka sau biyu, abin da sai an ƙara wuta sau 16 kafin a samu. Ga radar sintiri ribar ba ta kai haka ba, domin sirancewar haske tana rage yawan bugun da ke samun jirgi a kowane zagaye. Saboda haka radar da ke kula da jirage a doguwar hanya, mai hangen wajen kilomita 400, takan yi amfani da zangon santimita 23 da faifai mai faɗin mita 12 ko 13, ta kuma rage gudu zuwa zagaye 5 ko 6 a minti.

A ƙarƙashin faifan akwai wata gaɓa mai juyawa, wadda take barin igiyoyi su wuce daga bututun da ke tsaye zuwa wanda ke kewayawa. Akwai kuma na'urar da ke raba zagaye ɗaya kashi 4,096 ko fiye, tana shaida wa kwamfuta inda faifan ya fuskanta, farawa daga arewa.

Gwaji

Siffar haske ba ta kammala sai ya yi nisa da faifai. Ƙa'idar ita ce a ninka faɗin faifai da kansa, a ninka sau biyu, a raba da zango. Ga faifan mita 5 wannan ya kusa rabin kilomita, don haka akan kafa ƙaramar eriya a irin wannan nisa a riƙa juya faifan ana rubuta ƙarfin da ya karɓa. Bayan an kafa shi, akan duba saitinsa da rana, domin ita ma tana fitar da igiyoyin rediyo kuma an san inda take a kowane minti. Daga ƙarshe jirgin gwaji yakan tashi ya bi hanyoyi da tsayi daban-daban don a tabbatar babu gurbin da ya ɓace.

Matsayin Faifai a Yau

A yau akwai eriya shimfiɗaɗɗiya mai ɗaruruwa ko dubban ƙananan sassa, wadda take karkatar da haske ta hanyar lantarki ba tare da motsi ba. Sojoji sun fi amfani da ita. Amma tsadarta ta sa faifai yana nan daram a filayen jiragen fasinja da tashoshin hasashen yanayi. A Nijeriya, shirin shimfiɗa rada a faɗin ƙasa da aka ƙaddamar a 2010 ya kafa irin wannan rada mai jiran amsa-kuwwa a Kano da Abuja da Legas da Fatakwal, ya kuma kafa masu tambayar jirgi kawai a wasu wurare, ciki har da Maiduguri da Talata Mafara.

Aikin Gwaji a Aji

Gani ya kori ji. Malami zai iya sa ɗalibai su zana farabola a kwali da matattara a nisan santimita 10. A kowane nisa daga tsakiya, a ninka shi da kansa a raba da 40 don samun tsayin lanƙwasar: a santimita 10 tsayin 2.5 ne, a santimita 20 kuma 10 ne. A yanke kwalaye biyu iri ɗaya, a shimfiɗa takarda mai ƙyalli tsakaninsu, a haska ta da tocila daga nesa a nemi inda hasken ya taru. Kada a gwada da rana sai malami yana wurin, domin matattara tana ƙona fata kuma tana cutar da ido.

Sa'an nan a gwada waɗannan tambayoyi. Faifai zagayayye mai faɗin santimita 120 da zurfin santimita 15, ina matattararsa take, idan ƙa'idar ita ce a ninka faɗi da kansa a raba da zurfi sau 16? Radar jirgin ruwa mai zangon santimita 3, wane faɗin eriya take bukata don samun haske na digiri ɗaya? Kuma idan aka rage gudun juyawar ASR-9 da rabi, me aka samu, me aka rasa?